Yadda Manhajar Sysstat Ke Adana Bayanan Yini da Saitin Na'ura

1.0 Gabatarwa

Kwamfutar da ke yi wa jama'a hidima, wadda ake kira sabar, ba ta hutawa dare ko rana, kuma ba kullum ake samun mutum zaune a gabanta ba. Idan ta yi nauyi da ƙarfe 3 na dare, ko ta tsaya cik, sai gari ya waye mai kula da ita zai zo yana neman sanin abin da ya faru. A lokacin kuwa matsalar ta wuce, ba ta bar sawu ba, sai fa in akwai wani abin da ke rubuta halin da na'urar ke ciki tun kafin a san za a bukace shi. Wannan shi ne aikin manhajojin bayar da rahoton amfani da na'ura. Suna ɗaukar ƙididdiga lokaci bayan lokaci, su ajiye ta, domin a dawo gare ta daga baya.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana yadda irin waɗannan manhajoji ke adana abubuwa biyu, watau bayanan kowane yini da kuma saitin na'ura. Za a ɗauki manhajar sysstat ta tsarin Linux a matsayin misali, saboda yaɗuwarta da kuma kasancewar kowa na iya duba yadda aka gina ta. Za a nuna cewa lambar da aka ajiye ba ta da amfani sai an ajiye tare da ita ranar da aka ɗauke ta da siffar na'urar da ta fito daga cikinta, kuma kusan dukan dabarun wannan manhaja a kan wannan bukata aka ɗora su.

2.0 Asalin Manhajar da Rassanta

Umarnin da ake kira sar ya samo asali ne daga tsarin Unix na kamfanin AT&T na ƙasar Amurka, an kuma san shi ƙwarai a cikin System V wanda ya fito a shekarar 1983. Bayan Linus Torvalds ya fara Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, an bukaci makamancin wannan umarni a sabon tsarin. Wani Bafaranshe mai suna Sébastien Godard ne ya rubuta tarin umarnonin da ake kira sysstat, wanda tarihinsa ke komawa 1999.

An raba aikin tsakanin rassa kamar haka:

(a) sadc shi ne mai tattarawa. Shi ke karanta ƙididdiga ya rubuta ta a fayil.

(b) sa1 ɗan gajeren umarni ne mai kiran sadc a kan kari, yawanci kowane minti 10.

(c) sa2 yakan tashi sau ɗaya a yini, ya rubuta taƙaitaccen rahoto, ya kuma share tsofaffin fayiloli.

(d) sar da sadf su ne masu karatu. Na farko yana nuna rahoto a jere bisa allo, na biyu kuma yana juya bayanan zuwa sigogin da wasu manhajoji ke ganewa, irin su CSV da XML da JSON, har ma da zanen jadawali.

Ya kamata a lura da cewa babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke tashin kansa. Agogon tsarin ne ke tashinsu, ko dai tsohon mai suna cron, ko kuma na systemd da aka fi amfani da shi a sababbin sigogin Linux. Tun da akwai minti 10 sau 6 a cikin awa, kuma yini awa 24 ne, ana samun ɗauka 144 a kowane cikakken yini.

3.0 Inda Lambobin Ke Fitowa

Ƙwayar Linux, watau ɓangaren da ke sarrafa kayan na'ura kai tsaye, tana ƙirga kusan duk abin da ke gudana. Tana bayyana wannan ƙirga ta wata jaka mai suna /proc, wadda fayilolinta ba sa zaune bisa faifai, ƙwayar ce ke samar da abin da ke ciki a daidai lokacin da aka buɗe su. A /proc/stat ake samun lokacin da furosesa ta ɓata, a /proc/meminfo halin ma'ajiyar wucin gadi, a /proc/diskstats zirga-zirgar faifai, a /proc/net/dev kuma yawan abin da ya shiga ko ya fita ta hanyar sadarwa.

Waɗannan lambobi iri biyu ne. Akwai masu nuna halin yanzu, kamar yawan ma'ajiyar da ta rage ba a yi amfani da ita ba. Waɗannan suna hawa suna sauka, kuma ana fahimtarsu da kallo ɗaya, tamkar ma'aunin mai a mota. Akwai kuma masu taruwa, waɗanda suke fara ƙirga daga sifiri ranar da aka kunna na'ura, su yi ta ƙaruwa ba ja da baya. Misalinsu shi ne mitar wutar lantarki ta gida. Wanda ya duba mita ya ga lamba bai san wutar da aka sha a wannan wata ba, sai ya san lambar watan jiya ya ɗebe ta daga ta yau.

Sadc ba ya yin wannan lissafi. Ɗanyen lambobin yake ajiyewa kamar yadda ya same su, sai ranar karatu sar ya ɗauki ɗauka biyu masu bin juna ya fitar da bambancinsu. Alal misali, a yawancin na'urori ana ƙirga lokacin furosesa da ɗigo, ɗigo 100 a sakan ɗaya. A ɗauka na'ura tana da furosesa 4. A cikin minti 10, watau sakan 600, jimillar ɗigonta za ta ƙaru da 240,000. Idan ɗigon zaman banza ya tashi daga 9,000,000 zuwa 9,180,000, bambancin 180,000 ke nan, sai sar ya ce na'urar ta yi zaman banza kashi 75 cikin 100, ta yi aiki kashi 25.

Amfanin ajiye ɗanyen lambobi shi ne, mai karatu na iya sake lissafi yadda yake so. Yana iya neman matsakaicin kowace awa maimakon kowane minti 10, ko ya ware abin da ya faru tsakanin ƙarfe 2 da ƙarfe 4 kaɗai. Da sakamakon lissafi aka ajiye, da wannan dama ta ragu.

4.0 Fayil Ɗin Yini

4.1 Suna da mazauni

Kowane yini yana da fayil nasa. Sunansa sa ne haɗe da kwanan wata, saboda haka na ranar 5 ga wata shi ne sa05, na ranar 21 kuma sa21. A Red Hat da danginsa ana samun waɗannan fayiloli a /var/log/sa, a Debian da Ubuntu kuwa a /var/log/sysstat. Ba a rubuta su da haruffan da mutum zai iya karantawa ba. An jera su ne da lambobin na'ura tsantsa, domin su yi ƙanƙanta, rubuta su kuma ya yi sauri. Dalili kuwa a fili yake: manhajar da aka sa ta auna nauyin na'ura bai kamata ita kanta ta zama nauyi ba.

Tun da sunan bai ƙunshi wata ko shekara ba, ranar 5 ga watan gobe za a sake bukatar sunan sa05. Abin da sadc ke yi shi ne, idan ya tarar da fayil mai wannan suna, sai ya duba ranar da ke rubuce a cikinsa. In na yau ne ya ƙara sabuwar ɗauka a ƙarshensa, in kuwa na watan baya ne ya shafe shi ya fara sabo. Ta haka jakar ba ta taɓa wuce fayil 31 na wannan iri ba, kuma faifai ba ya cika da tsofaffin bayanai.

Rahoton da sa2 ke rubutawa yana zama a jaka ɗaya da waɗannan, da suna irin sar05 ko sar21. Shi rubutu ne na haruffa da kowa ke iya buɗewa. A tsarin cron na Red Hat an saba tashin sa2 da ƙarfe 11:53 na dare, a na systemd kuma mintoci kaɗan bayan 12 na dare, inda yake taƙaita yinin da ya shige.

4.2 Goshin fayil

Kafin ɗauka ta farko, sadc yana rubuta wani sashe a farkon fayil wanda za a iya kira goshi. A nan ne ake adana siffar na'urar kamar yadda take a ranar. Goshin ya ƙunshi lambar shaida mai nuna cewa fayil ɗin na sysstat ne, da sigar manhajar da ta rubuta shi, da kwanan wata, da sunan na'urar, da sigar ƙwayar Linux, da nau'in furosesa da yawansu, sa'an nan jerin ire-iren ƙididdigar da za a samu a ciki tare da girman kowace. Layin farko da sar ke nunawa a rahotonsa, mai ɗauke da sunan na'ura da rana da yawan furosesa, daga wannan goshi yake fitowa. Saboda haka ko an kwashe fayil an kai wata kwamfuta daban, zai ci gaba da bayar da shaidar inda aka haife shi.

Muhimmancin wannan zai fito idan aka koma ga misalin da ya gabata. Aiki kashi 25 cikin 100 yana iya sa mutum ya ce na'ura na cikin walwala. Amma wanda ya san furosesa 4 ne zai tuna cewa kashi 25 daidai yake da furosesa ɗaya cur. Mai yiwuwa aikin ya rabu daidai tsakanin huɗun, mai yiwuwa kuma ɗaya ce ta shaƙe, sauran ukun na zaune. In na biyun ne, to akwai wata manhaja da ta maƙale, kuma masu amfani da ita suna jin jiki ko da yake matsakaicin lissafi ya nuna lafiya lau. Da yake sadc na ajiye lambobin kowace furosesa daban, ana iya warware wannan shakka, amma sanin yawansu ne ke fara sa mutum ya yi tambayar.

4.3 Jerin ɗauka da alamar sake kunnawa

Bayan goshi sai ɗauka ta biyo ɗauka. Kowace tana da ɗan kanta mai nuna lokacin da aka yi ta, wanda ake ƙirgawa da sakan tun daga 1 ga Janairu, 1970, bisa agogon duniya, tare da tsawon lokacin da na'urar ta yi a kunne. Wannan hanya tana kare bayanai daga ruɗanin ƙasashe irin su Faransa da Ingila, inda ake matsar da agogo gaba da awa ɗaya a ƙarshen Maris, a mayar da shi baya a ƙarshen Oktoba.

Akwai wata matsala da lambobi masu taruwa ke haifarwa. Idan wuta ta ɗauke, ko aka kashe na'ura aka sake kunnawa, dukan ƙirga na komawa sifiri. Wanda ya ɗebe 9,180,000 daga 3,000 zai sami shirme. Domin kauce wa wannan, da zarar na'ura ta tashi ana kiran sa1 ya sa wata alama ta musamman a cikin fayil. Idan sar ya iso ga alamar sai ya rufe lissafin baya, ya buga layi mai nuna an sake kunna na'ura a lokaci kaza, ya fara sabon lissafi. Alamar tana ɗauke da yawan furosesa na wannan tashi, domin ana iya ƙara su ko rage su yayin da na'ura ke kashe, musamman a sabobin haya. Daɗin daɗawa, ita kanta alamar shaida ce mai daraja, don sau da yawa ita ke fara gaya wa mai kula cewa na'urarsa ta faɗi ta tashi cikin dare.

5.0 Fayil Ɗin Saiti

Kalmar saiti tana da fuska biyu a nan. Ta farko ita ce siffar na'ura, wadda aka ga ana rubuta ta a goshin kowane fayil. Ta biyu ita ce ƙa'idojin da mai kula ya shimfiɗa wa manhajar, kuma waɗannan a wani wuri daban suke. A Red Hat suna cikin /etc/sysconfig/sysstat, a Debian kuma cikin /etc/sysstat/sysstat.

Wannan rabuwa tana bin wata ƙa'ida ta tsarin jakunkuna a Linux, wadda aka fara rubutawa a 1994, sigarta ta 3.0 kuma ta fito a 2015. Ƙa'idar ta keɓe /etc domin saitin na'ura, ta keɓe /var domin bayanai masu canzawa. Hikimar ita ce, saiti ƙarami ne, mutum ne ke rubuta shi, ba ya canzawa sai da niyya. Bayanai kuwa manhaja ce ke rubuta su, suna ƙaruwa kowane minti 10. Idan aka raba su, ana iya share bayanai ba tare da taɓa saiti ba, ana kuma iya kwafe saiti ɗaya a kai na'urori ɗari ba tare da cakuɗa tarihinsu ba. Bisa wannan dalili ne fayil ɗin saiti yake rubuce da haruffa, layi-layi, suna a hagu, ƙima a dama.

Muhimman layukansa su ne waɗannan. HISTORY yana faɗin kwana nawa za a riƙe fayiloli kafin sa2 ya share su. A Debian an saba samun 7, a Red Hat kuma 28. Lambar 28 tana da dalili, domin ita ce tsawon watan Fabrairu a shekarar da ba ta da ƙarin kwana, watau mafi ƙarancin tazarar da ke tsakanin sa05 na wani wata da sa05 na mai bi masa. Idan aka sa lambar da ta wuce 28, sababbin sigogin manhajar sukan koma sunaye masu shekara da wata da rana, kamar sa20240305, domin kada sabo ya hau kan tsoho. COMPRESSAFTER yana faɗin kwana nawa fayil zai yi kafin a matse shi ya rage cin wuri, ZIP kuma yana faɗin manhajar da za ta yi matsin. SA_DIR yana ba da damar canza mazaunin fayiloli. SADC_OPTIONS shi ke zaɓen ƙarin ƙididdigar da za a tattara, kamar ta faifai.

A kan wannan na ƙarshe ne fuskokin saiti biyu ke haɗuwa. Idan mai kula ya gyara SADC_OPTIONS da tsakar rana, gyaran ba zai yi tasiri a fayil ɗin ranar ba. Sadc yana bin jerin da ke goshin fayil ne idan yana ƙara ɗauka, domin dukan ɗaukar da ke cikin fayil ɗaya su kasance masu siffa ɗaya. Sai an buɗe fayil na gobe sabon zaɓin zai fara aiki.

6.0 Wata Hanya ta Daban

Fayil ɗaya ga kowane yini ba ita kaɗai ce hanya ba. Tobias Oetiker na ƙasar Suwizalan ya fitar da MRTG a 1995 domin auna zirga-zirgar hanyoyin sadarwa, sa'an nan ya fitar da RRDtool a 1999. A wannan tsari fayil ɗaya ne, an yanka masa girma tun ranar farko, ba ya ƙaruwa. Sabon bayani yana hawa kan mafi tsufa, kamar hannun agogo da ke zagayowa inda ya faro. Yayin da bayanai ke tsufa ana dunƙule su. A MRTG jadawalin yini yana nuna matsakaicin minti 5, na mako minti 30, na wata awa 2, na shekara kuma yini guda.

Kowace hanya da ribarta da hasararta. Ta RRDtool tana ba da tarihin shekara a ɗan wuri, amma cunkoson minti 10 da ya faru wata shida baya ya narke cikin matsakaicin yininsa. Ta sysstat tana riƙe kowace ɗauka yadda take, amma tarihinta gajere ne sai an tsawaita shi da gangan. Su biyun kuma suna fama da halin lambobi masu taruwa. Maƙirga mai gurbi 32 tana cika idan ta kai 4,294,967,295, ta koma sifiri. A layin da ke ɗaukar megabit 100 a sakan, wannan na iya faruwa cikin ƙasa da minti 6, shi ya sa aka koma ga maƙirga mai gurbi 64 a layuka masu sauri.

7.0 Wuraren Tuntuɓe

Daga bayanan da suka gabata ana iya gane inda masu kula da na'urori suka fi yin asarar shaida.

Na farko, shigar da manhaja daban, kunna ta daban. A Debian da Ubuntu an daɗe ana shigar da sysstat da tattarawarta a kashe, sai an gyara layin ENABLED a /etc/default/sysstat. Wanda bai yi haka ba zai zo ranar bukata ya tarar da jaka wayam, kuma ba a ɗaukar ƙididdigar jiya a yau.

Na biyu, gajeren HISTORY. Idan kwana 7 ne, ƙorafin da ya iso bayan kwana 10 ya tarar an riga an share amsarsa. Haka kuma ba za a iya kwatanta ƙarshen wannan wata da na watan jiya ba, alhali a wurare da yawa, kamar inda ake biyan albashi, ƙarshen wata ne lokacin cunkoso.

Na uku, canjin siga. Da yake fayilolin yini da lambobin na'ura aka jera su, sabon sar na iya ƙin karanta fayil ɗin da tsohon sadc ya rubuta. Lambar shaida da ke goshi ce ke sa ya gane haka ya tsaya, maimakon ya fitar da lambobin ƙarya. Sadf yana iya sabunta fayilolin da siga ta 9.1.6 ko wadda ta biyo bayanta ta rubuta, amma wanda ke son ajiya ta shekaru zai fi samun kwanciyar hankali in ya adana rahotannin sa2, ko ya juya bayanan zuwa CSV, ya kai su wata na'ura. Ajiye su a kan faifan da ake aunawa kaɗai yana nufin ranar da faifan ya mutu shaidar mutuwarsa ta bi shi.

Na huɗu, tazarar ɗauka. Cunkoson sakan 30 ba zai fito sosai a matsakaicin minti 10 ba. Ana iya rage tazarar zuwa minti 1, amma ɗaukar yini za ta tashi daga 144 zuwa 1,440, girman fayil kuma ya ninka kusan sau 10.

8.0 Kammalawa

An ga yadda sysstat ke raba ajiyarta gida uku: ɗanyen lambobi a jikin fayil ɗin yini, siffar na'ura a goshinsa da alamomin sake kunnawa, ƙa'idojin mai kula kuma a fayil ɗin saiti da ke /etc. An kuma ga cewa goshi ne ke ba lambobi ma'ana, saiti kuma ke yanke abin da za a tattara da tsawon kwanakin da zai yi. Manhajar ba ta san ranar da za a bukaci shaidarta ba, abin da aka umarce ta kawai take yi. Saboda haka tambayoyi uku ne ya kamata mai kula ya amsa tun ranar da ya kafa sabuwar na'ura, watau ko an kunna tattarawa, ko an zaɓi dukan ƙididdigar da za a bukata, da kuma kwana nawa za a riƙe ta. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an adana ta.